Dutsen Olav: Mallaka Ko Riƙo?

Ya kai mai karatu, in da taswirar duniya kusa da kai, ina roƙonka ka ɗauko ta kafin mu yi nisa. Ka ɗora yatsanka a kan Ikko, sa'an nan ka ja shi kudu sak, kada ka karkata gabas ko yamma. Nan take za ka faɗa teku. Za ka wuce Angola da Namibiya suna can gabas da kai, ka bar ƙarshen Afirka a baya, duk ba ka taɓa tudu ba. Sai bayan tafiyar fiye da kilomita 6,500 yatsanka zai ci karo da wani ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. An rubuta Bouvet a gefensa (Buve ake faɗi, sunan Faransanci ne), a ƙarƙashi kuma an sa sunan ƙasar Norwe.

Haka ni ma na ci karo da shi wata rana a ɗakin karatu, ina neman wani abu dabam. Sunan Norwe ɗin nan shi ya tsaya mini a rai. Norwe dai tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakaninta da wannan ɗigo akwai fiye da kilomita 12,000. Da na koma ɗaki na tambayi abokin ɗakina, wanda ɗalibin shari'a ne, ta yaya aka yi ya zama nata. Ko kai bai ɗaga daga littafinsa ba ya ce, “Tsinta ta yi mana. Abin da ba shi da mai shi, ai na wanda ya riga ne.” Amsar ba ta gamshe ni ba, amma a wannan dare ban sami abin da zan ce masa ba. Wannan maƙala ita ce abin da na samu daga baya.

Bari in fara da bayanin wurin, don a san abin da ake jayayya a kai. Bouvet tsibiri ne da tsawonsa bai kai kilomita 10 ba, faɗinsa kuma kimanin 7. Asalinsa dutse ne mai aman wuta da ya huce, kuma kashi 93 cikin ɗari na doronsa ƙanƙara ce ta lulluɓe shi rani da damina. Ƙasar da ta fi kusa da shi ita ce gaɓar Antatika, kimanin kilomita 1,700 kudu. Afirka ta Kudu kuwa tana da nisan kimanin 2,500. Saboda haka ne ake cewa duk duniya babu tsibirin da ya kai shi kaɗaici. Ba itace, ba ciyawa, sai gansakuka a jikin duwatsu. Ba mashigar da jirgin ruwa zai fake, gefunansa duk ganuwa ce ta dutse da ƙanƙara, iskar yamma tana dukanta dare da rana, hazo kuma ya fi hasken rana yawa. Mazaunansa tsuntsayen teku ne, da fengwin, watau tsuntsun nan mai tafiya a tsaye wanda ba ya tashi sama, da kuma wasu dabbobi masu laushin gashi da zan kira karnukan teku. Wurin da ya fi tsawo a tsibirin shi ne Olavtoppen, watau Ƙololuwar Olav, mita 780 daga teku, wadda aka raɗa wa sunan Sarki Olav na Biyar na Norwe. Ba wani dogon dutse ba ne in an gwada shi da manyan duwatsun duniya. Abin da ya bambanta shi kawai shi ne ba a taɓa haihuwar mutum a gindinsa ba, ba a taɓa yin gari ko gona a wurin ba.

Ran 1 ga Janairu, 1739, wani matuƙin jirgi Bafaranshe, Jean-Baptiste Bouvet de Lozier, ya hangi tudu cikin hazo. Ya zaci tsinin wata babbar nahiya ce ta kudu wadda Turawan zamanin suke mafarkin samu. Ya yi kwanaki yana kai da komowa bai iya sauka ba. Ya sa wa wurin sunan ranar, domin ran nan ce Kiristoci ke tunawa da kaciyar Annabi Isa, ya juya. Sai dai ya yi kuskure wajen rubuta inda wurin yake, don a lokacin ba a da agogon da zai ba matuƙi tabbacin nisansa gabas ko yamma. To, tsibiri ya ɓace. Kyaftin Cook na Ingila, duk da gwanintarsa, ya neme shi a 1772 bai gan shi ba. A 1808 wani Baturen Ingila, James Lindsay, ya sake hangensa, aka ce Tsibirin Lindsay. A watan Disamba na 1825 wani kuma, George Norris, ya sauka, ya ce daga yau sunansa Tsibirin Liverpool, kuma na Sarkin Ingila ne. Norris har ya ba da labarin wani tsibiri na biyu a kusa, ya sa masa suna Thompson. Wannan suna ya shiga taswirori ya zauna fiye da shekara ɗari, alhali kuwa babu tsibirin. Jamusawa ne a 1898, cikin jirginsu Valdivia, suka daidaita ainihin inda Bouvet yake, su ma ba su tafi ba sai da suka sa wa filin da ke tsakiyarsa sunan sarkinsu Wilhelm. Daga ƙarshe ran 1 ga Disamba, 1927, mutanen jirgin Norvegia suka sauka suka kafa tutar Norwe. Ingila ta ɗan yi gunaguni ta janye, a 1930 kuma Norwe ta yi doka ta shigar da shi cikin ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

Mu 'yan Afirka muna da amsa a shirye duk sa'ad da aka ce wane ya “gano” wuri. Tun muna firamare muke dariyar maganar cewa Mungo Park ya gano Kogin Kwara a 1796, ko 'yan'uwan Lander sun gano bakinsa a 1830. Mukan ce, wanda ya fito da su a kwalekwale fa? Kogin yana da sunayensa, Joliba a sama, Isa Ber wajen Zabarmawa da Sanwai, Kwara wajenmu. Wannan amsa gaskiya ce, amma na lura ta sa mu lalaci. Duk ƙarfinta ya dogara ne a kan cewa akwai mutane a wurin. To, ga wurin da babu su. Bouvet de Lozier bai yi wa kowa ƙarya ba, da gaske shi ne ɗan Adam na farko da aka san ya gan shi. Norwe ba ta kori kowa ba, ba ta ƙona gari ba, ba ta tuɓe sarki ba. In laifin mulkin mallaka duk shi ne zaluntar mazauna, ke nan a Bouvet babu laifi, abokina ya yi gaskiya.

Amma a duba abin da aka kafa hujja da shi. Gani na farko? In gani ne ke ba da mallaka, to Faransa ce mai tsibirin, ba Norwe ba, kuma da duk mai kaifin ido ya zama attajiri. Suna? An ce suna linzami ne, amma linzami sai a bakin abin da ke amsawa. Ana raɗa wa yaro suna don a kira shi ya waiwayo, ana sa wa gari suna don matafiyi ya tambayi hanya. Dutsen nan an kira shi da suna huɗu ko biyar bai waiwayo ba ko sau ɗaya, kuma labarin Thompson ya isa ya nuna mana cewa suna yana iya zama daram a takarda ko da babu komai a ƙarƙashinsa sai ruwa. Sunan Olav da Wilhelm da Liverpool ba su gaya mana kome game da dutsen ba. Abin da suka gaya mana shi ne wanda matuƙin jirgin yake son ya faranta wa rai in ya koma gida.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta aiki, don ita ce muka gada. A ƙauye in mutum ya nemi izinin dagaci ya sari daji, ya tumɓuke kututture, ya kai taki, gonar ta zama tasa, 'ya'yansa su gada. Ba don ya riga kowa ganin dajin ba, ai mafarauta da makiyaya sun riga shi. Guminsa ne ya shiga ƙasar har ba a iya raba su. In kuwa ya bar ta ta koma saura shekara da shekaru, kowa ya san haƙƙinsa yana raguwa. To, wane gumi ne ya shiga Bouvet? An kafa tuta, an kafa 'yan bukkoki a shekarun farko, teku da iska suka kwashe su. A 1996 aka gina ɗakin bincike a Nyrøysa, ɗan filin da zaizayar dutse ta samar a gefen yamma a shekarun 1950, wanda shi ne kusan kaɗai inda ake iya sauka. Girgizar ƙasa ta 2006 ta raunana gindinsa, da aka duba daga baya babu shi babu alamarsa. Sai a 2014 aka kafa wani. Ko shi ɗin ma masu bincike kan zo ne su yi 'yan watanni cikin sassaucin sanyi su koma.

Kalmar tsintuwa ma da abokina ya yi amfani da ita ba ta zauna daidai ba. Abin da ake tsinta abu ne da ya faɗi daga hannun wani, shi ya sa mutumin kirki yakan yi cigiya kafin ya sa a aljihu. Wanda ya kafa tuta a Bouvet bai yi cigiya ba, don bai yi zaton akwai wanda za a tambaya ba. Ni kuwa ina ganin kafin ran nan tsibirin ba “na babu kowa” ba ne. Bamaguje da Basine da mutumin Norwe duk daidai suke a kansa, ba wanda zai hana wani. Washegari sai aka wayi gari mutum ɗaya yana da ikon hana sauran duniya. An karɓe wa kowa wani abu ke nan, ko da ƙanƙani ne, ba tare da an tambaye shi ba. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya biya kuɗin tafiyar Norvegia, Lars Christensen, attajiri ne mai jiragen farautar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ta fi giwa girma, wadda ake narka kitsenta a sami mai. A lokacin mafarautan Norwe sai sun nemi lasin sun biya Ingila haraji kafin su yi aiki a tsibiran kudu da ke hannunta. Masauki nasu na kansu suke nema. Da aka je aka tarar wurin ba ya masaukuwa, amma tuta ta riga ta kafu.

Da na kai wa abokina wannan bayani sai ya rufe littafinsa, alamar magana ta kai inda yake so. Ya ce, “To na ji. A cire tutar. Gobe wa zai hana wani ya je ya karkashe dabbobin nan? Kai za ka je? Tumakin da ba su da makiyayi ai na kura ne.” Nan ya kama ni, don tarihi yana bayansa. Bayan da Cook ya ba da labarin tsibirin Jojiya ta Kudu a 1775, mafarauta suka yi masa caa. Cikin shekara hamsin, bisa ƙiyasin James Weddell wanda shi ma mafarauci ne, an fitar da fatun karnukan teku wajen 1,200,000 daga can, har dabbar ta kusa ƙarewa. Ba wanda ya hana, domin kowa yana cewa in ban ɗauka ba na bayana zai ɗauka. Abin da yake na kowa yakan zama ba mai jin zafinsa, kamar rijiyar unguwa da kowa ke ɗiba ba mai yasa.

Sai dai labarin yana da ci gaba. A wannan Jojiya ta Kudu ɗin, daga 1904 zuwa 1965, lokacin da take da mai ita, da doka, da lasin, da jami'in karɓar haraji, an feɗe wel fiye da 175,000 a gaɓarta. Watau rashin makiyayi ya kashe na farko, makiyayi mai son kuɗin fata ya sa hannu aka kashe na biyu. Ashe tambayar ba ta tsaya ga “akwai mai shi ko babu” ba. Wane irin hannu ne a kan abin?

A nan ne nake ganin harshenmu ya fi takardun shari'ar ƙasa da ƙasa tantancewa. Bahaushe bai tara duk hanyoyin samun gona cikin kalma guda ba. Akwai gado, akwai saye, akwai aro, akwai jingina, akwai kuma riƙo. Mai riƙo shi ne wanda aka bar wa gonar marayu ko ta ɗan'uwan da ya tafi neman ilmi Gabas. Yana da ikon korar ɓarawo, yana da ikon hana maƙwabci cin iyaka, kowa a gari ya san sai da izininsa ake shiga. Amma ba ya sayarwa, ba ya sare gawon da ke ciki ya yi gawayi, kuma ranar da aka tambaye shi dole ya iya cewa ga ta nan yadda aka bar mini. Daga waje da mai riƙo da mai mallaka kamarsu ɗaya. Ana gane bambancinsu ne ta abin da ɗaya ya haramta wa kansa.

Ra'ayina ke nan: tutar 1927 ba ta ba Norwe mallaka ba, kuma babu abin da zai taɓa ba ta, ko ita ko wata. Abin da za ta iya samu shi ne riƙo, shi kuwa ba ranar ɗaya ake samunsa ba, ana ta tabbatar da shi ne shekara bayan shekara. In an yi adalci, ta yi abin a yaba. Ta hana farautar karnukan teku a tsibirin, a 1971 kuma ta mai da shi da ruwan da ke kewaye da shi wurin da doka ta hana taɓawa. Dabbobin sun hayayyafa, dubbai suke yanzu a Nyrøysa. Ko alamar intanet ta tsibirin, .bv, wadda wasu ƙananan ƙasashe ke sayar da irinta su sami kuɗi, ba a buɗe ta ga kowa ba. Abin mamaki ne, hujjar da ta fi ƙarfi da Norwe take da ita a kan Bouvet ita ce abubuwan da ba ta yi a can ba, akasin hujjar manomi.

Amma kada mu yi saurin guɗa. Haƙuri a kan abin da ba ya ciyuwa ba shi da wuya, kowa na iya azumin tsakuwa. Dutsen Olav ba shi da zinariya da aka sani, ba shi da mashiga. Arzikin wurin yana cikin teku ne, kuma a nan Norwe ba ta yi kawaici ba. Ita ce kan gaba a duniya wajen kamun kiril a tekun Antatika, watau 'yan mitsi-mitsin jatan landen da wel da fengwin da karnukan teku ke rayuwa a kansu. A 2009 kuma ta kai takarda Majalisar Ɗinkin Duniya tana neman a tabbatar mata da ƙasan tekun da ke kewaye da Bouvet har nesa da gaɓa. Ban ce ta karya doka ba. Na dai ce ɗigon nan na taswira yana jan fili mai faɗi a bayansa, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bugu da ƙari, Yarjejeniyar Antatika ta 1959, wadda ta jingine da'awar mallakar ƙasashe, ta tsaya ne a layi na 60 kudu. Bouvet yana wajen 54, saboda haka ba ta shafe shi ba.

Abokina ya yi mini tambaya ta ƙarshe wadda har yau nake juyawa. Ya ce, “Riƙo don wa? Maraya yakan girma ya zo ya karɓi gonarsa. Wa zai zo ya karɓi wannan?” Na ce jikokinmu. Ya ce jikokinmu ba za su taɓa zuwa ba, kamar yadda mu ba mu je ba. Na ce to dabbobin. Ya yi dariya ya ce fengwin ba ya shigar da ƙara. Gaskiyarsa ce, kuma nan ne raunin maganata yake: amana ce wadda babu mai zuwa ya bi bahasinta. Amma ni ban ga wannan ya rushe ta ba. Mun san mutanen da aka bar wa ajiya, mai ajiyar ya mutu a hanya, babu shaida babu takarda, suka ci gaba da ajiyewa. Ba mu ce musu wawaye. Su ne muke nunawa in ana maganar amana, domin wanda ya riƙe don tsoron mai zuwa, tsoro ya riƙe, ba amana ba.

Saura ƙololuwar kanta. Shekara 273 bayan Bouvet de Lozier ya hange ta, ba wanda aka san ya taka ta. Sai a watan Fabrairu na 2012 wasu mutum huɗu daga jirgin Hanse Explorer suka hau, cikinsu har da Jason Rodi da mahaifinsa Bruno, da jagoransu Aaron Halstead. Ba su kafa gari ba, ba su kashe kome ba. Amma kafin su sauko sun binne wani ƙaramin akwati a can sama, ɗauke da saƙonnin mutane game da yadda suke fatan duniya ta kasance a 2062. Da na karanta wannan sai na ji haushi. Na ce wuri guda tak da ya rage ba sawun mutum, shi ma sai da aka bar masa ajiya, kamar yaran da ke hawa Dala su kankare sunansu a jikin dutse. Na shirya sakin layi guda na zagi.

Ban rubuta shi ba, saboda ina zaune ne a teburin da ni da kaina na sassaƙa wa haruffan sunana da tsinin kamfas a shekarata ta farko. Kuma da na tambayi kaina tsakani da Allah, in an ce ga gurbi a jirgin nan, zan ƙi? Ba zan ƙi ba. Zan hau, in sha sanyin da ban taɓa sani ba, in na kai sama kuma hannuna zai shiga aljihu yana neman abin da zan bari, ko da ɗan ƙwallon goro ne. A 2062, in da rai, ina wajen shekara sittin. Abokina ya ce in mun kai zai biya mini kuɗin jirgi in je in ɗauko akwatin in mayar wa masu shi, tun da ni ne mai riƙo. Na ce ya rubuta ya sa hannu, ya ƙi.